Mun Bi Inuwar Wata Zuwa Katsina

Tun farkon watan Maris na 2006 gidajen rediyo suka shiga shela cewa ranar Laraba 29 ga wata za a yi husufin rana, kuma a wasu garuruwan duhu zai rufe gari da hantsi. Ba don son ilimin taurari kaɗai hukuma ta dage da wannan sanarwa ba. Ba a manta da Maiduguri ba, inda a watan Janairun 2001 aka yi husufin wata, wasu matasa suka ce zunuban mutanen gari ne suka jawo, suka bi otal-otal da mashaya suna cinna wuta. Shi ya sa wannan karon aka riga kowa magana: ga ranar, ga lokacin, kada wanda ya firgita, kada kuma wanda ya ɗaga kai ya ƙura wa rana ido.

A lokacin ina koyar da kimiyya a aji biyar da aji shida na wata firamare a Kano. Wani abokina da ke koyarwa a jami'a ya ba ni kwafin wata taswira da aka ja wa baƙin layi mai kauri. Layin ya taso daga gaɓar Brazil, ya ƙetare tekun Atlantika, ya hau tudu a Ghana, ya ratsa Togo da Benin, ya shigo Najeriya ta wajen Shaki a jihar Oyo. Daga nan ya miƙo arewa maso gabas ta Gusau da Katsina, ya faɗa Maraɗi, ya nausa hamada har Libiya, Masar da Turkiyya. Faɗinsa bai kai kilomita 200 ba. Wanda ke cikin layin ne kawai zai ga wata ya rufe rana ruf. Na bi da yatsa ina neman Kano, na same ta a waje. Kusa da baki, amma a waje.

Da na kai wa hedimasta maganar, sai ya dubi takardar ya dube ni. Ya ce, "Malam, kai da bakinka ka ce a nan ma za a rufe fiye da kashi 90 cikin 100 na rana. Ɗan abin da ya rage ne za mu kwashi 'ya'yan mutane mu kai su Katsina a kansa?" Na ce ranka ya daɗe, ɗan abin da ya rage ɗin shi ne komai. Rana ba ƙaramar wuta ba ce. Matuƙar siririn gefenta na waje, gari zai dushe ne kawai, taurari ba za su fito ba, kuma ba wanda zai iya kallonta ba tare da kariya ba. Ya yi shiru, sannan ya ce in iyaye sun yarda, shi ma ya yarda. Ya san inda ya tura ni.

A taron iyaye da malamai wani Alhaji, ɗan kasuwa mai 'ya'ya biyu a makarantar, ya miƙe. Ya ce, "Malam, ba raina iliminka na yi ba. Amma wa ya san gobe in ba Allah ba? A ce ran kaza ƙarfe kaza rana za ta yi duhu, wannan ai duba ne." Wuri ya ɗauki guna-guni, kuma na ga da yawa suna tare da shi. Ban kai ga buɗe baki ba malamin Arabiyyarmu ya karɓe. Ya karanto aya ta biyar ta Suratur Rahman, ya fassara cewa rana da wata bisa lissafi suke tafiya. Sannan ya ce, "Alhaji, kalandar salla da ke rataye a masallacin unguwarku, ba tun watan jiya ta faɗi lokacin da rana za ta faɗi yau ba? Ka taɓa jin an kira mai buga ta boka?" Ya ƙara da hadisin ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, aka yi husufi, mutane suka ce don rasuwarsa ne, Annabi ya ce rana da wata ayoyi ne biyu daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, in an gani a yi salla a yi addu'a. Ya ce duba shi ne a ce husufin nan sarki zai ci, ko yunwa zai kawo. Wannan kuwa ba wanda ya zo da shi.

Aka tashi a kan sharaɗi biyu: yara za su yi sallar husufi, kuma wakilin iyaye zai bi mu. Wa aka zaɓa? Alhajin nan. Iyaye da dama duk da haka sun hana, musamman na 'yan mata, sai muka tashi da yara wajen talatin da malama ɗaya mai kula da matan.

Ƙidayar jama'a ta cinye mana lokacin shiri. An fara ta 21 ga wata, aka ƙara kwana biyu, ba a gama ba sai Litinin 27, kuma yawancin malamanmu suna cikin masu bi gida-gida. Talata kaɗai ta rage mana. Muka tara kwalaye daga shagunan unguwa, kowane yaro ya huda ƙaramin rami da ƙusa, ya koyi juya wa rana baya ya bar haske ya bi ta ramin ya sauka kan farar takarda. Abokina ya ba mu tabarau na kwali 'yan ƙwaya, masu leda mai duhu da aka yi musamman don kallon rana, ta cikinsu ko fitilar mota ba ka gani. Su za a riƙa karɓa-karɓa. Na hana abubuwan da na san za a yi a gari: baƙin tabarau na kwalliya, gilashin da aka turara da hayaƙin fitila, tsohon fim ɗin hoto, da leƙa rana a cikin kwanon ruwa. Can bayan ido, inda hoto ke sauka, ba ya jin zafi. Sai ya ƙone mai shi bai sani ba, sai daga baya ya ga tabo a tsakiyar duk abin da ya kalla.

Darasin da ya fi zama a kansu a fili aka yi shi. Na ce kowa ya rufe ido ɗaya, ya miƙa hannu, ya rufe motar hedimasta da babban yatsa. Yatsun nan duk da sauran tawadar ƙidaya a farce. Suka yi ta ihu sun ɓatar da mota. Na ce to haka wata ke yi. Faɗin rana ya ninka na wata kusan sau 400, amma kuma ta fi shi nisa da mu kusan sau 400: ita tana kilomita miliyan 150, shi yana wajen 384,000. Shi ya sa a idonmu suke zuwa kai ɗaya, har ƙaramin ya iya rufe babbar.

Laraba tun kafin kiran assalatu iyaye suka fara kawo yara, kowa da ƙunshin abinci da gorar ruwa. Muka yi asuba a harabar makaranta. Direban bas ɗin da muka ɗauka dattijo ne, manomi ɗan wajen Bichi da tuƙi ya kawo birni, yara suka laƙaba masa Baba direba nan take. Yana goge gilashi ya nuna gabas da tsumma ya ce, "Ga Gamzaki can ya fito." Yana nan kuwa, fari tas, shi kaɗai a saman rufin azuzuwa. Na tara yara na ce su dube shi da kyau, don in Allah ya so za su sake ganinsa yau kafin azahar. Na gaya musu duniya ce irin tamu, girmanta ya kusa na tamu, tana zagaya rana cikin kwana 225, hasken rana take maidowa, kuma ita ce dai Zara da ake gani kusa da jinjirin wata da magariba a wasu watannin.

Baba direba ya ce, "A'a Malam, a nan kam ban bi ka ba. Zara daban, Gamzaki daban." Na ce, "Baba, ka taɓa ganinsu su biyu a dare ɗaya, ita da magariba shi da asuba?" Bai amsa ba. Muka wuce Dawanau, manyan motocin hatsi na jere a bakin kasuwa, muka wuce gonaki, sai da muka shiga Bichi ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ban taɓa ba." Bai ƙara komai a kai ba.

Daga Kano zuwa Katsina wajen kilomita 170 ne. Ƙarshen rani ne, ƙasa ta bushe ƙurmus, kukoki sun tsaya ba ganye, gawo ne kaɗai ke kore. Nan da can ana sharar gona, hayaƙi na tashi. Tsanyawa, Gidan Mutum Ɗaya, sai Kankiya inda muka tsaya yara suka zaga, aka sayi ƙosai. Mai shayin wurin yana haɗa kayansa tun da safe, ya ce shi yau a ɗaki zai wuni da iyalinsa, mu ma da mun ji shawara da mun koma.

A tsakanin Kankiya da Charanchi wata yarinya 'yar aji biyar, wadda ba ta cika magana a aji ba, ta yi tambayar da ta fi kowace tambaya a tafiyar. Ta ce, "Malam, ka ce duk ƙarshen wata, wata yana bi ta tsakaninmu da rana. To me ya sa ba a husufi duk wata?" Na ari faifai biyu daga kayan malama, na saka ɗaya cikin ɗaya a ɗan karkace. Na ce wannan hanyar duniya ce, wannan ta wata. Ba a shimfiɗe ɗaya suke ba, ta wata ta karkace da kusan digiri 5. Yawancin watanni yakan bi ta sama da rana ko ta ƙasa da ita, inuwarsa ta wuce mu ta faɗa sarari. Sai ya zo daidai inda faifan biyu suka gamu, kuma a ƙarshen wata, sannan inuwar ke taɓa ƙasa. Malamin Arabiyya ya ce shi ya sa ba a taɓa husufin rana sai a ƙarshen watan Musulunci, na wata kuma sai a tsakiyarsa, ga shi yau Safar ya zo ƙarshe. Alhaji na gaba kusa da direba, bai ce uffan ba, amma ya karɓi takardar da na rubuta lokutan a kai ya sa a aljihun gaba.

Mun shiga Katsina ta Ƙofar Ƙaura tara saura. Gari ba cunkoso, shaguna da yawa a rufe. Wata firamare da muka yi magana da ita tun farko ta ba mu filinta, da 'yan ɗalibanta da suka fito, da inuwar itatuwan darbejiya a gefe. Sama ba gajimare, sai ɗan hazon ƙura a ƙasa-ƙasa.

Nan muka yi ciniki da malamin Arabiyya. Sallar husufi raka'a biyu ce, kowace raka'a da tsayuwa biyu da ruku'u biyu, kuma an so a tsawaita ta ƙwarai. Na ce, "Allah gafarta Malam, in ka ja Baƙara, rana za ta rufe ta buɗe muna tsaye." Ya yi dariya ya ce da yara a bayansa dama ba zai ja ba. Muka shirya da zarar an ga farawa za a tayar, a idar da sauran lokaci, a ci gaba da istigfari ana kallo.

Tara ta wuce da kusan minti ashirin monitan aji shida, da tabarau a fuska, ya ce, "Malam, an ɓalle mata gefe!" Aka yi layi ana karɓa, kowa ya ga ɗan baƙin da ya shigo ta gefen sama. Sai aka yi sahu. Ban taɓa jin yara sun yi tsit a salla irin na ranar ba.

Kusan awa guda abin a hankali yake tafiya, har wasu suka fara gajiya suka koma kan ƙunshin abinci. In ba ka leƙa ta tabarau ba, ba za ka ce ana wani abu a sama ba. Wani yaro ne cikin 'yan Katsina ya farfaɗo da wurin. Ya ƙwala kira daga gindin darbejiya, muka ruga. Hasken da ke ratsowa ta tsakanin ganye, wanda kullum yake sauka a ƙasa dunƙule-dunƙule, duk ya koma siffar jinjirin wata. Ɗaruruwa, a kan ƙasa, a bangon aji, a kan farar rigar Alhaji. Kowace 'yar kafa tsakanin ganye ta zama irin ramin da muka huda a kwali. Yara suka yar da kwalayensu suka shiga sarƙa yatsu suna yin nasu. Malama ta ɗauko hular kabar Baba direba ta ɗaga, jinjirin wata suka zubo ta saƙar. Alhaji ya daɗe yana kallon hannun rigarsa.

Daga goma da kwata abin ya sake. Zafin da ya fara cizo ya ja baya, iska mai sanyi ta taso. Hasken ya zama wani iri, ba na safe ba, ba na yamma ba, launin komai ya koɗe, inuwar mutum kuma ta yi kaifi har kana iya ƙirga gashin kan yaro a ƙasa. Kajin gidan mai gadi suka bar tono suka nufi akurki a jere. Shirwa da ke shawagi suka ɓace. Daga masallatan gari lasifika ta ko'ina, wasu na salla, wasu na salati. Na tara yara wuri ɗaya, na maimaita dokar usur: in na busa sau ɗaya, a ajiye tabarau a ɗaga kai a kalla. In na busa sau biyu, kowa ya sunkuyar da kai, ba jayayya.

Na ce su dubi kudu maso yamma, wajen Gusau. Sama a can ta yi baƙi kamar hadari, amma ba gajimare ko ɗaya. Inuwar ce tafe, tana gudun fiye da kilomita 2,000 a awa. Goma da rabi ta ɗan gota, siririn da ya rage na rana ya tsinke ya zama ɗigo-ɗigo, ɗigo ɗaya ya yi ƙyalli mai ƙarfi a gefe, ya mutu. Na busa usur.

Abin da na fara ji kabbara ce, ba daga filinmu kaɗai ba, daga garin gaba ɗaya, ta tashi lokaci guda. A inda rana take sai baƙin da'ira, baƙi wuluk, fiye da sauran sama. Kewaye da ita wani farin haske mai laushi ya bazu, ya yi tsawo ta gefe biyu, sai ka ce baƙin kasko aka ɗora a kan audugar da aka shiɓe. Wannan shi ne iskar da ke lulluɓe da rana, mai zafin fiye da digiri miliyan ɗaya, kullum tana nan, hasken rana ne ke hana a gan ta. A bakin da'irar akwai 'yan jajayen ɗigo, harsunan wuta ne da kowanne zai iya fin duniyarmu girma. Na tanadi duk wannan bayani don in faɗa a lokacin. Ban faɗi ko kalma ɗaya ba, kuma ba wanda zai ji ni.

Duhun bai kai na dare ba, ya fi kama da bayan magariba, sai dai jan da ake gani a yamma ya zagaye gari ta kowace fuska, gabas da yamma, kudu da arewa. Wata ƙaramar yarinya ta fashe da kuka ta ƙanƙame malama. Wani yaro yana ta maimaita "Innalillahi" yana dariya a lokaci ɗaya. Sai muryar Baba direba: "Ga shi can! Wallahi ga Gamzaki!" Yana daga kudu, sama sosai, a wurin da ba wanda ya taɓa neman tauraro da hantsi. Yara suka juya gaba ɗaya suna nunawa.

Bai cika minti huɗu ba. Gefen da baƙin ya fara shigowa ya yi haske, ƙyalli ya ɓullo, na busa sau biyu da duk ƙarfina. Gari ya waye karo na biyu, zakarun unguwa suka shiga cara, kaji suka fito daga akurki suna waige-waige. Cikin ƙasa da minti 20 inuwar ta gama ratsa Najeriya. Kafin yaran su gama surutu ta kai iyakar Chadi da Libiya, inda ta fi daɗewa, minti 4 da daƙiƙa 7.

Na nemi Alhaji. Yana tsaye da takardata a hannu ɗaya, agogo a ɗayan. Na ce, "Alhaji, yaya?" Ya ce, "Masu lissafin naka sun yi kuskuren minti biyu." Monita ya duba agogon robarsa ya ce, "Baba, naka ne yake gaba." Alhaji ya ce agogon da ya sayo a Makka ba ya gaba. Aka bar ta a haka. Ni dai na lura bai mayar mini da takardar ba.

Ragowar husufin ba wanda ya kula da shi, ko da yake sai wajen sha biyu wata ya gama fita. Na sa kowa ya zana abin da ya gani tun bai huce ba. Zanen ya bambanta ƙwarai: wasu farin hasken gajere, wasu har bakin takarda, wata ta zana kaji kawai.

Bayan azahar muka je hasumiyar Gobarau. Ginin ƙasa ne mai tsawon kusan mita 15, ana danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ya yi zamani yana masallaci da makaranta. Na kai su ne saboda mutum ɗaya, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina masanin lissafi da taurari, wanda ya tafi hajji, ya yi rubutu a kan hatimin lissafi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ba zan ɓoye ba, a zamaninsa lissafin taurari da duba a cakuɗe suke, a nan da Turai duka, shi ma ya taɓa ɓangarorin biyu, don haka tsoron Alhaji yana da tushe. Amma lissafin ya tsaya da ƙafarsa. Na zana gida tara a ƙasa a inuwar hasumiyar, na ce su jera 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye, a kwance da a karkace, zai ba da 15. Suka durƙusa suna gogewa suna sakewa. Yarinyar nan mai tambayar faifai ce ta fara gano cewa dole 5 ta zauna a tsakiya. A hanyar fita muka bi ta gaban tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, amma rana ta dawo da zafinta har da ramuwa, ba yaron da ya nemi a tsaya.

A komowa taya ta yi faci bayan Gidan Mutum Ɗaya, safayar ma ba iska, aka daɗe ana neman mai faci. Magariba ta riske mu kafin Bichi, a wani ƙauye da ba wutar lantarki. Raina ya ɓaci don na san iyaye na can suna jira a ƙofar makaranta, amma da muka idar da salla na ɗaga kai, sai na ga an ba mu aji na biyu kyauta. Ba wata, ba fitila. Yaran birni ne, da yawansu ba su taɓa ganin sama cike haka ba.

Wannan ajin Baba direba ne ya ɗauke shi. Ya nuna musu Kaza da 'ya'yanta a yamma, ya sa su ƙirga. Wasu shida, masu kaifin ido bakwai. Ya ce nan da 'yan makonni za ta riƙa faɗuwa da wuri har ta ɓace, in ta ɓace manomi ya gyara kayan aiki ya fitar da iri, in ta sake ɓullowa ta gabas da asuba damina ta kankama. Malamin Arabiyya ya ce ita ce Surayya a lissafin malamai, ya jero wasu taurarin damina da ake ƙirga shuka da su, Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa. Ni abin da na ƙara kaɗan ne: hasken Kazar da suke gani ya baro ta fiye da shekara 400 da suka wuce, na rana kuwa minti 8 da 'yan daƙiƙu yake yi a hanya. Wani yaro ya tambayi ina wata ya tafi. Na ce yana nan kusa da rana inda muka bar shi, sun faɗi tare. Yau ba za a gan shi ba, amma gobe da magariba kowa ya duba yamma.

Mun iso Kano bayan isha, na sha faɗa daga iyaye mata, na kuma cancanci wani daga ciki ko da ba ni na fasa tayar ba.

Alhamis aka yi rigima a aji. Waɗanda suka zauna a Kano suka ce su ma sun gani, gari ya yi duhu-duhu, an yi salla, me aka fi su? Waɗanda suka je suka rasa yadda za su yi bayani, sai "ba haka ba ne, wallahi ba haka ba ne." Aka fito da zane-zane, 'yan Kano suka ce ƙari aka yi. Ban raba gardamar ba, don duka ɓangarorin gaskiya suke faɗa a kan abin da suka gani. Juma'a da safe kuwa aji ya haɗu a kan abu ɗaya, kusan kowa ya ga jinjirin watan Rabi'ul Awwal daren jiya. A ranar ne ɗan Alhaji ya kawo mini saƙo, wai babansa na son kwafin taswirar nan mai baƙin layi, da lokacin da za a sake yin wani.

Amsar tana da tsawo. Husufi iri ɗaya yana maimaituwa bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11 da kusan awa 8, lissafin da mutanen Babila suka sani tun kafin haihuwar Annabi Isa. Awa takwas ɗin nan ce ke sa duniya ta ƙara juyawa kashi ɗaya cikin uku, sai inuwar ta sauka can yamma. Ɗan'uwan namu na Katsina shi ne wanda aka yi ranar 8 ga Afrilun 2024 a Meziko, Amurka da Kanada. Ranar 2 ga Agustan 2027 akwai wani da zai bi ta Luksor a Masar, inda zai haura minti 6, ya ƙetara Jidda da Makka. Najeriya kuwa cikakken husufi sai 20 ga Maris 2034, kuma layin wannan karon ta Legas zai shigo ya nufi Chadi, Katsina da Kano duk suna waje. Malamin da ke son kai ɗalibansa zai buƙaci kwana a hanya, da tabarau da yawa fiye da waɗanda muka samu, da safayar da aka duba iskarta tun a gida.